Yadda Garin Furotin Ya Kai Ƙanena Gadon Wankin Ƙoda

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ɗora mana wannan jinya, shi kuma ya sauke mana ita. Sunana Rabi. A Tudun Wada aka haife ni, a nan nake aure, sana'ata awara da kunun gyaɗa. Sakandare na gama na tsaya, don haka mai neman bayanin likitoci sai ya nemi wani wurin. Ni abin da idona ya gani a jinyar ƙanena Nazifi zan rubuta, saboda duk matar da ɗanta ko ƙanenta ko mijinta ya fara shigo mata gida da wani gari yana kaɗawa a kofi da sunan gina jiki, ta san abin da take kallo. In an ji harshena da kaifi a yi mini uzuri. Mako biyar na yi a barandar asibiti, kuma ban dawo gida da sauran kara ba.

Nazifi shi ne autanmu, shekararsa ashirin da bakwai. Dako yake yi a kasuwar hatsi, da damina kuma ya noma gonar da Baba ya bar mana. Siriri ne, irin sirantar gidanmu, amma buhun masara yake saɓawa ya hau da shi bayan mota ko haki ba ya yi. Tunda Inna ta haife shi bai taɓa kwana a asibiti ba. Yana da mata, Sadiya, da 'yarsu wadda a lokacin take koyon tafiya.

Abin ya faro ne daga neman aiki. Wani abokinsa ya samu aikin gadi a Kano, ana ba shi kaki da albashi, sai Nazifi ya ce shi ma ya gaji da ɗaukar buhu. Ya shirya ya tafi. Mai ɗaukar aikin ya dube shi sama da ƙasa a gaban mutane ya ce, “Kai ai ɓarawo ma tausayinka zai ji.” Aka yi dariya. Wannan maganar ya ƙunso ya dawo da ita gida, ya kwana da ita ya tashi da ita. Mutumin da ya faɗe ta na tabbata ko fuskar Nazifi ba zai iya tunawa ba.

Bayan tasha akwai wani kango da samari suke taruwa suna ɗaga ƙarfe. Ƙarafunan mota ne aka zuba wa siminti a gwangwanin fenti ta kowane gefe, sai wani benci da fasasshen madubi da suka jingina a bango suna kallon kansu. Shugaban wurin ana ce masa Katafila. Ban san sunansa na yanka ba, ban kuma nema ba. Wuyansa ya haɗe da kafaɗarsa, yana tafiya hannuwa a buɗe kamar mai maruru a hammata, kullum cikin rigar da ta fi dacewa da ɗan shekara goma sha biyu. Wasiƙa ba zai iya karanta maka ba, amma in ya buɗe baki yana bayanin jijiya da tsoka sai ka rantse a jami'a ya kwana. Shi ke sayar musu da furotin. Iri biyu yake da shi: akwai na roba mai hoton wani murɗaɗɗen Bature a jiki, wannan na masu hali ne, akwai kuma wanda yake aunawa a farar leda, babu suna babu rubutu, yana kiransa haɗin gida. Ya ce musu na ledar ya fi saurin aiki. A nan kaɗai ya faɗi gaskiya.

Ranar da na fara ganin garin, da safe ne ina suya a ƙofar gida. Nazifi ya biyo zai wuce kasuwa, na tsamo masa awara mai zafi na barbaɗa yaji kamar yadda na saba.

Ya ce, “Yaya, ki bar shi. Wannan ai abincin mata da yara ne. Ni yanzu furotin nake sha.”

Na ce, “Mene ne kuma furotin?”

Ya zaro ledar daga aljihu yana wani fankama. Na lakata na ɗanɗana. Kamar garin masara ne da aka haɗa da madara da sukari, amma can ƙarshe akwai ɗaci irin na ƙwayar magani. Na ce masa wannan abu da ɗacin magani. Ya ce ai shi ne ƙarfin.

A nan ya kamata in kama kunnensa in kai shi gaban Inna. Ban yi ba. Kuma bayan wata guda, da na ga kumatu sun fito, wuya ya yi kauri, riga ta fara kama shi, ni da bakina na ce, “Kai, auta, ka zama babban mutum.” In ana lissafin wawayen da ke cikin wannan labari, a sa sunana a ciki, ban ware kaina ba.

Wata huɗu ya yi yana sha. Cokali biyu aka ce masa, ya mayar da shi huɗu, safe da yamma. Fuskarsa ta yi zagaye kamar faranti, ƙuraje suka feso masa a baya, ga saurin fushi da ba mu san shi da shi ba. Sadiya ta ce ko kukan 'yarsa ba ya son ji. Da gwiwa da baya suka fara ciwo saboda ga dako ga ƙarfe, Katafila ya haɗa masa da wasu jajayen ƙwayoyi na ciwon jiki, biyu da safe biyu da yamma. Sannan ya ce masa ya rage shan ruwa, wai ruwa yana ɓoye jijiya. A tsakiyar bazara ke nan, a garin da rana take dafa ƙwai a kan kwano, mutum yana ɗaukar buhu tun safe, wani jahili ya hana shi ruwa, shi kuma ya bi.

Makon farko na ciwon ya zo da ciwon kai da amai. Duk abin da ya ci sai ya dawo. Sadiya ta raka shi kemis ɗin bakin layinsu, wurin wani mai farar riga da kowa ke kira Dakta alhali ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa gani ba. Bai auna komai ba, ya taɓa goshinsa ya ce taifot ne da maleriya. A wurin mutumin nan ko karaya ka je da ita taifot ce da maleriya. Ya ɗaura masa ƙarin ruwa a kan benci, ya yi masa allurar kashe ciwo kwana uku a jere. Daga baya aka gaya mana allurar nan 'yar'uwar jajayen ƙwayoyin ce, wato an ƙara wa ƙodar duka a inda take ciwo.

Mako na biyu ƙafafu suka kumbura. Silifas ya ƙi shiga. In ka danna ƙaurinsa da yatsa sai wurin ya lotsa ya zauna a haka. Da safe idanu a kumbure kamar wanda zuma ta harba. Ya aika wa Katafila hoto ta waya, amsar da ya samu ita ce wai ruwan jiki ne yake shirin komawa tsoka, kada ya tsaya yanzu, ya ƙara cokali ɗaya. Ya ƙara.

Sai dangi suka fara zuwa, kowa da iliminsa. Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, ta taso tun daga Ɗansoshiya da jarka cike da jiƙon saiwoyi baƙi ƙirin. Ta dube shi sau ɗaya ta yanke hukunci.

“Baki ne. Yaro ya yi jiki lokaci guda, ai dole a sa masa ido. Ku ba shi wannan kofi uku a rana, zai fitsarar da shi.”

Kawu Sale, wan Inna, wanda yake kiwo a Burumburum, shi kuma ya ce ciwon shawara ne, kuma duk wanda ya kai mai shawara asibiti aka yi masa allura to a tanadi likkafani. Ya faɗi haka a gaban Inna, ya san kuwa yadda take jin maganarsa. Suka zauna a tsakar gida shi da Gwaggo suna musu a kan baki ne ko shawara, kowa yana kawo sunan wanda ya warkar, mara lafiyar yana ɗaki yana kakarin amai. Babu wanda ya tambayi me yake ci, me yake sha. Ledar garin tana nan a kan taga, a gaban idon kowa.

Sadiya ce ta cece shi, yarinyar da ba a jin muryarta a gidan. Ranar Laraba da hantsi ta same ni a wurin suya, ta tsaya tana murza bakin mayafi. Na ce mata ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ta ce, “Yaya, ina jin nauyi ne. Kwana biyu ke nan bai yi fitsarin kirki ba. Wanda ya yi jiya bai kai rabin kofin shayi ba, kuma kalarsa kamar shayin da ba madara.”

Na sauke kaskon daga wuta da sauran awara a ciki. Na je gidanmu na tarar da Inna tana tsiyaya masa jiƙon Gwaggo. Na durƙusa na gaishe ta, na ce zan kai Nazifi asibiti.

Ta ce, “Ba ki ji abin da kawunki ya ce ba?”

Na ce, “Na ji, Inna. Ki yafe mini, yau ba zan bi maganarsa ba. In wani abu ya faru a ɗora a kaina.”

Ta ajiye kofin ta ce, “Allah ya sa a dace.” Maigidana ya samo mai Keke Napep muka ɗauke shi.

A asibitin garinmu ma'aikacin da ya auna jininsa ya sake aunawa, ya canza hannu ya kuma aunawa, sannan ya tambaye ni ko an taɓa gaya masa yana da hawan jini. Na ce yaron da bai taɓa zuwa asibiti ba wa zai gaya masa. Aka ɗebi jini aka kai gwaji. Da sakamako ya fito washegari, likitan bai yi mana kwana-kwana ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce ƙoda ce, kuma abin ya fi ƙarfin nan, mu wuce Kano yau, kada mu ce sai gobe.

Mako na uku a Kano ya same mu. Tafiyar da na sha yi ina gyangyaɗi, ranar ji na yi kamar ba za ta ƙare ba. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora an tsaya sau uku yana amai a bakin titi, wani fasinja yana tsaki wai muna ɓata masa lokaci. Numfashinsa ya fara wari irin na fitsari, yana magana yana mantawa da abin da ya fara faɗa.

Babban asibiti kuwa wata duniya ce. Layin kati daban, layin biya daban, layin gwaji daban, kowanne a wani gini, kuma duk wanda ka tambaya hanya da haɓa yake nuna maka. Tun kafin azahar Nazifi yana kan keken marasa lafiya a baranda har aka kira la'asar, wai babu gado. Wata ma'aikaciya da na roƙa ta dube shi, ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba, ta ce, “Kowa da kika gani a nan mara lafiya ne.” Ban manta fuskarta ba, kuma ban yafe ba tukuna. Amma a wurin nan dai wata nas mai suna irin na mutanen kudu, wadda Hausarta ma ba ta nuna ba, ta zo wucewa ta kalle shi, ta duba takardarmu, ta tura keken da kanta har gaban likita. Ban san sunanta ba. Kullum na yi salla tana cikin addu'ata.

Likitar ƙodar mace ce, ba ta fi ni shekaru ba, ba ta da yawan magana. Ta duba takardun gwaji ta dubi Nazifi.

“Malam Nazifi, me kake sha?”

Ya ce, “Ba na shan komai, likita. Ko sigari ban taɓa sha ba.”

“Ban ce kayan maye ba. Magani, ko na gargajiya, ko na ƙarin ƙarfi.”

Ya ce babu. Yana kwance yana shirin mutuwa, amma yana rufa wa Katafila asiri. Ni kuwa da za mu taho na ɗauke ledar daga kan taga na jefa a jaka, har da sauran jajayen ƙwayoyin da jarkar Gwaggo. Na zazzage su a kan teburinta. Nazifi ya juya fuska bango.

Ta buɗe ledar ta shinshina, ta murza garin a yatsa, ta tambayi cokali nawa, wata nawa, ƙwaya nawa. Sannan ta faɗi maganar da har yau take kunnena.

“Furotin na gaskiya abinci ne, daga madara ko waken suya ake yin sa. Mai lafiya in ya sha daidai kima ba ya kwantar da shi, ko da yake yawancin masu sayensa ba sa ma bukatarsa. Wannan kuwa ban san mene ne ba, wanda ya sayar masa ma ina shakkar ya sani. Amma fuskar nan da ƙurajen nan sun nuna an daka ƙwayoyin sa ƙiba a ciki. Ga maganin ciwon jiki kullum, ga rashin ruwa, ga hawan jini, ga jiƙo a kai. Ƙoda biyu gare shi, ba goma ba.”

Na ce, “Likita, zai tashi?”

Ta ce, “Za mu wanke jininsa da inji mu ba ƙodar hutu. Wata tana farfaɗowa, wata ba ta farfaɗowa. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.”

Washegari aka huda gefen wuyansa aka sa masa roba. Na leƙa ta gilashi na ga jinin ƙanena yana fita ta wani siririn tiyo, ya shiga inji ya zagaya ya dawo. Awa huɗu. Ƙaton da ake yi wa kirari a bayan tasha yana kwance an lulluɓe shi da bargo yana rawar sanyi.

Ba zan tsaya lissafa abin da jinyar ta ci ba, wanda ya taɓa shiga ɗakin wankin ƙoda ya sani, wanda bai taɓa ba Allah ya sa kada ya sani. Kowane wanki sai an biya kafin a kunna inji. Waken suyar da muka ajiye na shekara ya tafi a mako na huɗu. Saniyar Inna da take cikin garken Kawu Sale ta bi baya, kuma don adalci zan faɗa, shi da kansa ya kai ta kasuwa ya kawo kuɗin har Kano bai rage ko sisi ba, ko da yake da ya zo sai da ya tsaya a kan gadon ya ce shi har yanzu yana ganin shawara ce. Sadiya ta sayar da keken ɗinkinta ba ta gaya wa kowa ba sai da aka gama ciniki.

Mako na huɗu da na biyar su ne masu wuya. Aka ba mu wata roba mai layi-layi, duk fitsarin da ya yi sai an auna an rubuta. Ruwan sha ma da awo. Wanda ya ƙi ruwa da gangan don jijiya ta fito, yanzu yana roƙona da hawaye in ƙara masa kurɓi ɗaya, ni kuma ina hana shi. Sai in jiƙa auduga in goga masa a leɓe. Jikin da aka tara a wata huɗu ya zube a kwana goma. Da kumburin ya sauka, abin da ya rage bai kai Nazifin da na sani ba, fata ta saki a damtse, duk ta yi zane-zane kamar cikin mai jego.

Akwai wata ma'aikaciya mai kula da abincin marasa lafiya da take zagayowa. Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin abin da zan dafa masa: babu gishiri sai ɗan kaɗan, babu dunƙulen magi, babu kanwa, nama da wake da awo gwargwadon abin da likita ta ce a wannan makon. Na tambaye ta, don Allah shi wannan furotin da ya jawo mana masifa, a ina ake samunsa in ba a leda ba. Ta dube ni kamar ina wasa.

Ta ce, “Hajiya, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono, nama. Ke wace sana'a kike yi?”

Na ce awara.

Ta yi dariya ta ce, “To ai ke furotin kike sayarwa.”

Ban yi dariya ba. Na juya na kalli Nazifi, shi ma ya ji. Gidanmu ana noma waken suya, kawunsa yana da garken shanu, kindirmo har kyauta ake kawo mana, yayarsa ta shekara goma sha ɗaya tana soya awara a ƙofar gida. Ya tsallake duk wannan ya je ya sayi dakakkiyar ƙwaya a hannun mai rigar yara. Na buɗe baki zan faɗa masa haka, sai na ga hawaye yana gangara ta gefen idonsa yana shiga kunne. Na fasa, na gyara masa matashi.

Cikin abokan ɗaga ƙarfensa, waɗanda suke kiran junansu sojoji, ko ɗaya bai tako asibitin ba. 'Yan dakon kasuwa da ya fara raina su, su ne suka haɗa abin da suka haɗa suka turo mutum biyu da shi. Katafila saƙon murya ya aiko, na saurara da kunnena: wai soja ba ya kwanciya, ya daure, in ya fito akwai sabon kaya da ya iso.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo daga Doguwa, ciwon sukari ne ya cinye masa ƙoda, shekara biyu yana zuwa wanki. Matarsa, Baba Asabe, ita ta koya mini zaman asibiti: inda ake samun ruwan zafi, wace nas ake roƙo wace ake kauce wa, yadda ake kama layin inji tun kafin a buɗe ƙofa. Tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Mijinta ya rasu a mako na biyar, ranar Juma'a da hantsi. Tana naɗe tabarmarta ta dubi Nazifi ta ce, “Shi nasa ciwon Allah ne ya ɗora masa, bai saya ba. Kai kuwa yaro, in Allah ya tashe ka, ka ji tausayin matan nan.” Allah ya jiƙan Malam, ya ba ta haƙuri.

Ranar Talatar mako na shida, bayan wanki na tara, na dawo daga sayen magani na hango Sadiya a baranda riƙe da robar awo da hannu biyu, tana tafe tana kuka tana dariya. Yarinyar da saboda kunya da ƙyar ta iya faɗin kalmar fitsari a gabana, ga ta tana nuna wa duk wanda ya wuce. Robar ta kusa cika. Washegari ya fi haka. Aka sake gwaji, aka ɗaga wanki na gaba, aka kuma ɗagawa. A ƙarshen mako na bakwai aka zare robar wuyansa.

Ranar sallama likitar ta ce masa, “Ta dawo aiki, amma ba duka ba. Abin da ya rage shi za ka lallaɓa har ƙarshen rayuwarka. Maganin hawan jini kullum. Maganin ciwon jiki ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Buhu kuma kun rabu.” Allah ya yi wa matar nan albarka, ya jiƙan iyayenta.

Da muka dawo gida aka cika ana barka. Gwaggo Tabawa ta ce dama ta san jiƙonta a hankali yake aiki. Na ba ta ruwa na gaishe ta, don babba ce.

Bayan kwana biyu na yafa mayafi na tafi bayan tasha. Na tarar da Katafila a kan benci yana auna wa wasu samari gari a leda. Na gaya masa ko ni wace ce, na gaya masa abin da kayansa ya yi, a gaban yaransa, ban rage murya ba. Ko gezau bai yi ba.

Ya ce, “Hajiya, ciwo ai na Allah ne. Mutum nawa suka sha ba abin da ya same su? Ni ban ɗura masa ba. Dama can jikinsa ba mai ɗaukar kaya ba ne.” Sannan ya sa hannu a jaka ya zaro wata kwalba. “Amma tunda abin ya zo da haka, ga wannan, na wanke ƙoda ne, daga waje ake kawo shi. Saboda ke zan rage miki.”

Na kai ƙara wurin mai unguwa. An kira shi an yi masa faɗa, ya rufe kangon mako biyu, ya sake buɗewa. Yanzu ledar tasa har da 'yar takarda a manne mai rubutun Turanci.

Nazifi yana nan da rai, alhamdu lillahi. Ba ya dako, ba ya noma mai nauyi. Wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi yana zama a bakin sikeli yana duba awon hatsi. Duk wata muna zuwa Kano a duba shi, kuma duk ranar gwaji ba na iya cin abinci sai sakamako ya fito.

Watan jiya ya ce mini zai je kangon da kansa ya yi wa samarin magana, tunda ni mace ce ba za su ji tawa ba. Na ce zan raka shi. Muka je da yamma, Katafila ba ya nan. Samari kusan goma suka ajiye ƙarafa suka kewaye shi, yawancinsu sababbi ne, ba su san shi ba. Ya ja wuyan rigarsa ya nuna musu tabon. Ya ba su labarin inji, da awon ruwa, da saniyar Inna, da dattijon Doguwa. Bai ɓoye komai ba. Suka kasa kunne suna saurare, har na fara cewa a raina to ko wahalarmu za ta amfani wani.

Da ya gama, wani dogo siriri a cikinsu, wanda da ƙyar ya kai shekara ashirin, ya matso ya gaishe shi da ladabi.

“Allah ya ƙara sauƙi, Yaya. Amma kafin ka kwanta ɗin, jikin ya fito?”

Nazifi ya ce, “Ya fito.”

“A wata nawa?”

“Wata ɗaya.”

Saurayin ya kalli na kusa da shi, ya sake juyowa. “To Yaya, cokali nawa kake sha?”

Nazifi ya gyara wuyan rigarsa ya rufe tabon. Ya ce, “Yaya Rabi, mu tafi, lokacin shan maganina ya yi.”

Muka taho. Kafin mu kai bakin titi na ji ƙarar ƙarfe ta ci gaba a bayanmu.

Wannan shi ne abin da ya same mu. Na rubuta ne don iyaye mata da matan aure da yayye irina, tunda su samarin na ga iyakar jinsu. Ku duba taga, ku duba aljihu, ku tambayi fitsari ko da kunya za ta kashe ku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa duk wanda ya taimake mu da alheri. Wanda kuma ya cuce mu, na bar shi da Allah, ban ce na yafe ba.